DAGA FIJO 504 ZUWA MOTAR XIAOMI: ME YA SA SURAR MOTOCIN TSERE TA CANZA?

Yau mun ɗan ajiye maganar saitin waya da dabarun rage cin data. Tarihi za mu taɓa, amma ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, don a nan zai dawo da kai kan wayar da ke hannunka.

Akwai wani musu da ba ya ƙarewa a majalisun samari, daga nan Tudun Jukun zuwa Tudun Wada har Samaru: tsofaffin motocin tsere ne suka fi kyau ko na yanzu? Wani ya buɗe hoton Ferrari ta 1987 ya ce tun daga kanta ba a sake ƙera mota ba. Wani ya nuno sabuwar Lamborghini a TikTok ya ce tsofaffin nan ai gwangwani ne. A yi ta yi har a kira sallah.

Abin da ba a cika faɗa ba a wannan musun shi ne, mai zanen mota ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Iska tana da baki a ciki, doka tana da baki, tsadar mai da irin hanyar da motar za ta taka duk suna da baki. Idan ka san wannan, kallo ɗaya za ka yi wa mota ka gane wa aka ƙera wa ita, ka kuma gane ko kai ne ko ba kai ba ne.

TELA ƊAYA YA ƊINKA WA FERRARI DA FIJO RIGA

Mu fara daga gida. Za ka iya cewa ina ruwan Zariya da motar tsere? To akwai dangantaka, kuma ta kusa ce.

A birnin Turin na Italiya akwai wani gidan zanen jikin mota mai suna Pininfarina, wanda Battista Farina ya kafa a 1930. Su aikinsu kamar na tela ne: kamfani ya kawo inji da ƙashin mota, su kuma su ɗinka mata riga. Tun shekarun 1950 suke yi wa Ferrari wannan aikin, su suka zana Testarossa ta 1984 da F40 ta 1987. Kuma su ɗin dai suka yi wa Peugeot aikin 404 ta 1960, da 504 ta 1968, da 505 ta 1979.

E, Fijo 504 ɗin nan da ka sani. Wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka daga Zariya. Motar gwamnati, motar 'yan sanda, motar tasha mai ɗaukar fasinjan Kano da Funtuwa. A Faransa an daina yin ta tun 1983, amma a Kaduna sai da ta kai 2006. Wato gidan da ya zana motar da kakanka ya je ɗaurin aure da ita, shi ya zana Ferrarin da ke fuskar wayarka.

Har ma 504 tana da 'yar uwa ta tsere da ba a cika ganinta a nan ba, 504 Coupé mai ƙofa biyu, wadda ta fito a 1969, daga baya a 1974 aka sa mata inji V6. Haka 406 da ta cika titunanmu, ita ma tana da mai ƙofa biyu ta 1997, aikin Pininfarina. Ka nemi hotonta ka gani, za ka rantse ƙanwar Ferrari ce.

Ga wata dangantakar kuma. Volkswagen Beetle, mai kama da kunkuru, wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, Ferdinand Porsche ne ya jagoranci ƙera ta. Motar tsere ta farko mai sunan gidansu, Porsche 356 ta 1948, da kayan Beetle aka tayar da ita: inji a baya, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Da suka fito da magajiyarta a 1963 sai suka sa mata suna 901. Peugeot ta ce ba ta yarda ba, lamba uku mai sifili a tsakiya nata ne, kamar 404. Dole Porsche ta cire sifilin ta sa 1. Sunan 911 da duniya ta sani yau, rigimar Fijo ce ta haife shi.

ZAMANIN GUDUMA DA IDO

A shekarun 1950 da 1960 babu kwamfuta a ɗakin zane. Fensir ne da takarda da yumɓu. A ƙananan gidajen Italiya kuwa, da guduma ake bubbuga farantin alminiyam a kan gunkin katako har ya ɗauki sura, irin aikin da masu gyaran bodi ke yi a garejinmu, sai dai su daga farko suke ƙirƙira. Shi ya sa motocin wancan lokaci suke da lanƙwasa mai laushi, babu kaifi.

Amma ko a lokacin, kusan duk abin da ya burge ido akwai larurar da ta kawo shi. Ɗauki Marsandi 300 SL ta 1954, mai ƙofofin da ke ɗagawa sama kamar fukafukin tsuntsu. Ba don gayu aka yi su ba. Ƙashin motar da siraran bututun ƙarfe aka saƙa shi don ta yi sauƙin nauyi, kuma saƙar ta taso sosai a gefe, har babu wurin da za a yanka ƙofa irin ta kowa. Da aka rasa hanya ta gefe sai aka bi ta sama.

Ko Jaguar E-Type ta Ingila, wadda aka nuna a Geneva a 1961. Dogon hancin nan nata da mutane ke so, dogon inji ne mai silinda shida a jere yake kwance a ciki. Wanda ya zana ta, Malcolm Sayer, daga kamfanin jirgin sama ya fito, da lissafi yake fitar da lanƙwasa. Gudunta ya kai wajen kilomita 240 a awa, a zamanin da yawancin motoci ko rabin haka da ƙyar suke yi.

Sai 1966, wani matashi ɗan Italiya, Marcello Gandini, ya zana Lamborghini Miura yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A Miura injin yana bayan direba ne, ba a gaba ba. Da inji ya bar gaba, sai hanci ya gajarce ya yi ƙasa, direba ya matso gaba, motar duka tsayinta daga ƙasa bai fi mita ɗaya da 'yan santimita ba. Wannan tsarin shi ne har yau ake bi a manyan motocin tsere. Matsar da inji kawai aka yi, sura gaba ɗaya ta canza.

ZAMANIN KUSURWA, DA RANAR DA DOKA TA SHIGO ƊAKIN ZANE

Gandini ɗin nan dai shi ya zo ya rushe lanƙwasar da kansa. Lamborghini Countach, wadda aka fara sayarwa a 1974, kamar da rula aka zana ta: layi miƙaƙƙe, kusurwa mai kaifi, gaba siriri kamar bakin gatari, ƙofa tana tashi sama kamar almakashi. Kyau kam akwai shi, amma direba ba ya ganin bayansa. Idan zai yi ribas, sai ya ɗaga ƙofa ya zauna a bakinta yana leƙe.

A daidai wannan lokacin ne doka ta fara sa hannu da ƙarfi, musamman ta Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar waɗannan motoci. Misali biyu sun isa.

Na farko bamba. Daga 1973 Amurka ta ce dole bamba ta iya shan karo na gudun kilomita 8 a awa ba tare da fitila ko wani abu mai muhimmanci ya lalace ba. Nan take siraran bambobin ƙarfe masu ƙyalli suka ɓace, aka koma manya masu baƙar roba. Idan ka ga Porsche 911 mai roba a gefen bamba kamar zugazugin maƙeri, to daga 1974 zuwa sama ce.

Na biyu fitila. Tun 1940 dokar Amurka ta tilasta wa kowace mota fitila iri ɗaya, zagayayya, ƙwai da gilashi a haɗe, kuma akwai iyakar yadda za ta yi ƙasa. To ga mai zane yana son hanci siriri a ƙasa, ga doka tana son fitila babba a sama. Mafita ita ce fitilar da ke ɓuya da rana, ta ɗago kai da dare kamar idon kwaɗo. Ka san ta ai, akwai ta a tsohuwar Honda Accord ta 1986 zuwa 1989 da Honda Prelude. Doka ce ta yaɗa ta, kuma doka ce ta taimaka wajen kashe ta: da aka saki dokar fitila a shekarun 1980, sannan Turai ta kawo ƙa'idojin kare mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi, sai ta zama ba ta da amfani. Corvette da Lotus Esprit na 2004 su ne na ƙarshe da suka fito da ita.

Ƙarshen wannan zamani shi ne Ferrari F40 ta 1987, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa hannu kafin ya mutu a 1988. Ƙarfin doki 478, gudu sama da kilomita 320 a awa. A cikinta babu rediyo, babu kafet, ko mariƙin buɗe ƙofa babu, wata 'yar waya ake ja. An cire komai don a rage nauyi. Masu cewa tsofaffi sun fi, yawanci wannan suke nufi: mota ce da babu komai tsakanin direba da inji.

DA AKA KAWO SU AFIRKA

Yanzu ga inda labarin ya fi shafarmu. A 1975, shekarar da aka buɗe kamfanin Kaduna, an yi tseren Safari a Kenya, dubban kilomita a kan jar ƙasa da taɓo da duwatsu. Kamfanin Lancia na Italiya ya kawo Stratos, 'yar gajeriyar mota mai kusurwa, zanen Gandini, da injin Ferrari a cikinta, wadda don tsere kawai aka ƙera ta. Ka san wa ya zo na ɗaya? Fijo 504 mai ƙofa huɗu, wani ɗan Suwidin mai suna Ove Andersson yana tuƙi. Stratos biyu suka biyo bayanta a na biyu da na uku. A shekarar dai 504 ta ci tseren Maroko da na Bandama a Kwaddibuwa. A 1978 kuma 504 Coupé mai V6 ta sake cin Safari.

Stratos ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Amma 504 tana da tsayi daga ƙasa, shokazobanta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, tayarta tana da kauri, jikinta yana shan wuya. Hanya ce ta yi alƙalanci.

Haka aka sake gani a tseren Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disamba 1978, a wancan zamanin yake ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar. Da Porsche ta so ci, sai da ta ɗaga 911 sama ta sa mata giya mai jan taya huɗu, ta ci a 1984, ta sake ci da 959 a 1986. Peugeot kuma ta riƙe kofin shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990. Rairayin maƙwabtanmu ya tilasta wa injiniyoyin Jamus canza surar motar da suka fi alfahari da ita.

ISKA DA KWAMFUTA: DALILIN DA YA SA NA YANZU SUKE KAMA DA JUNA

Bayan rikicin man fetur na 1973, mai ya yi tsada a Turai da Amurka, kamfanoni suka koma neman inda mai ke tafiya. Babban ɓarawon shi ne iska. In kana kan babur ka san yadda take tura ƙirjinka. Lissafin kuwa ba shi da tausayi: idan ka ninka gudu sau biyu, turin iska ninkuwa yake sau huɗu, ƙarfin injin da ake buƙata don a keta ta kuma sau takwas.

Akwai lambar da ake auna santsin mota a cikin iska, ana kiranta Cd. Duk yadda ta yi ƙasa, to motar ta fi sulɓi. Beetle tana wajen 0.48. Countach ɗin nan mai kama da kibiya tana sama da 0.40. Audi 100 ta 1982, motar iyali ce fa, ta zo da 0.30, saboda an shafe gilashinta daidai da bodi, an goge duk wani tudu. Marsandi V-boot da muka sani ita ma a nan wajen take. Ka ga ke nan V-boot ta fi Countach iya keta iska. Ido yana ruɗi. Marsandi EQS mai lantarki ta yanzu ta kai 0.20.

To tunda iskar Jamus da ta Japan duk ɗaya ce, kuma kowa yana gwaji a ɗakin hura iska da kwamfuta iri ɗaya, amsar da suke samu ma kusan ɗaya ce. Wannan shi ne sirrin kamannin da kake gani.

Motar tsere kuma tana da ƙarin matsala biyu. Ta farko, a babban gudu iska tana neman ɗaga ta kamar jirgi, don haka ake sa mata fiffike a baya da faranti a ƙasa, su danne ta a kan kwalta. Ta biyu zafi. Bugatti Veyron ta 2005 tana da silinda 16, turbo huɗu, ƙarfin doki 1,001, gudu kilomita 407 a awa, da lagireto goma. Kowane lagireto yana son ƙofar shan iska. Ramukan nan da tsage-tsagen da ke sa sababbin motoci kama da fuskar mai fushi, a irin waɗannan motocin hanci ne na numfashi. A ƙananan motocin da ke kwaikwayonsu kuwa, leƙa da kyau, sau da yawa baƙar roba ce a toshe, ado ne kawai.

ME YA SA SUKA YI ƘIBA?

Porsche 911 ita ce ma'auni mafi kyau, don sama da shekara sittin ana yin ta da sura ɗaya. Ta farko: faɗi mita 1.61, nauyi wajen kilo 1,080, ƙarfin doki 130, rim inci 15. Ta 2019: faɗi mita 1.85, nauyi wajen kilo 1,500, ƙarfin doki 385, rim inci 19 a gaba, 20 a baya. Ka ajiye su gefe da gefe kamar uwa da 'yarta da ta fi ta girma.

Ina ƙarin kilo 400 ya tafi? Wani ɓangare ya tafi a AC da kayan jin daɗi. Babban ɓangare kuma ya tafi wajen tsare ranka: ƙarfe a cikin ƙofa, ginshiƙai masu kauri da za su riƙe rufi in mota ta kife, jakunkunan iska, da sarari a gaba da baya wanda aka yi shi musamman don ya murƙushe.

A nan sai na tsaya, don akwai maganar da muke yawan yi: "Motar da ƙarfe ce, ta yanzu kuwa ko jingina ka yi sai ta lotsa." Gaskiya ne tana lotsawa, kuma da gangan ne. Ƙarfin karo dole ya tafi wani wuri. Idan bodi bai shanye shi ba, ƙirjin direba ne zai shanye. Wani injiniyan Marsandi, Béla Barényi, shi ya kawo wannan dabara, aka fara sa ta a motocinsu a 1959, shekarar da Volvo ta fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu. A 2009 wata cibiyar gwajin haɗari ta Amurka, IIHS, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Bidiyon yana YouTube, ka nema ka kalla. Tsohuwar mai "ƙarfen" ce ta rufta a kan mazaunin direba, sabuwar kuwa hancinta ya tafi amma ɗakin zama ya tsaya.

Siraran ginshiƙan nan da faffaɗan gilashi da suke sa tsofaffin motoci kyau, ba za su dawo ba, kuma dalilin ke nan.

FITILA TA ZAMA FUSKA

Mu a nan mun daɗe da gane cewa fitila ita ce fuskar mota. Dubi sunayen da ake sa musu a kasuwa: Camry Pencil saboda siririyar fitilarta, Honda Accord ta 2008 da ake ce wa Evil Spirit ko Anaconda saboda irin kallon da take yi maka. Da can yawancin motoci idonsu zagayayye ne, ko Jaguar ko akori-kura. Da fitilar LED ta shigo, mai zane ya samu 'yancin ja layin haske yadda ya ga dama. Audi R8, motar tsere ce, ita ta fara fitowa da fitilar gaba LED zalla a 2008.

Kyau ya ƙaru, haske ya ƙaru. Amma ka tambayi mai wayarin mota. Fitilar da, ƙwai ya ƙone, ka saya ka murɗa ka wuce. Ta yanzu a yawancin manyan motoci a rufe take ruf, da 'yar kwamfutarta a ciki, in ta mutu ko ruwa ya shiga sai dai a sauya ta ɗungurungum. Wannan labarin bai yi maka kama da wani abu ba?

MOTA TA ZAMA WAYA

Mu masu gyaran waya mun riga mun ga wannan fim ɗin. Lokacin da GSM ya shigo Najeriya a 2001, kowace waya da fuskarta: Nokia 3310, masu murfi irin Motorola Razr ta 2004, masu zugewa, masu madannai a zagaye. Ka cire murfi da farce, ka canza batir, ka canza kes. Daga fitowar iPhone a 2007 kowa ya bi hanya ɗaya, yau duk waya baƙin gilashi ce mai kusurwa huɗu, an manne ta da gam, sai an gasa ta kafin ta buɗu. Ta fi ta da aiki sau dubu, ta fi ta wuyar gyara.

Mota ma hanyar da ta bi ke nan. Tesla Model S ta 2012 ta zo da sikirin mai inci 17 a tsakiyar dashbod, ta kwashe kusan duk maɓallai ta zuba a ciki, sauran kamfanoni suka bi. A Maris 2024 kuma abin ya kai ƙarshe: Xiaomi, masu yin Redmi ɗin da ke aljihunka, suka fito da motarsu mai lantarki, SU7, wadda mutane da yawa suka ce ta ɗauko kamannin Porsche Taycan. Babbar cikinsu, SU7 Ultra, ƙarfin dokinta ya haura 1,500. Kamfanin waya ne yau yake ƙera motar da ta ninka F40 ƙarfi sau uku.

Sai dai an fara ja da baya. Hukumar Euro NCAP mai ba motocin Turai taurarin aminci ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina, da fitilar haɗari, da hon, da waifa, da kiran gaggawa suna da maɓalli na hannu, don laluben sikirin yana ɗauke idon direba daga titi. Porsche kuma a 2022 ta fito da 911 Dakar, guda 2,500 kacal, an ɗaga ta sama da taya mai kauri. Darasin da 504 ta koyar a 1975 ne aka sayar wa masu kuɗi da tsada.

YADDA ZA KA KARANTA JIKIN MOTA KAFIN KA SAYA

Yawancinmu ba Ferrari za mu saya ba. Amma salon motar tsere ya gangaro har kan 'yar Beljiyam ɗin da kake tara wa kuɗi, don haka ga abin dubawa:

1. Tsayinta daga ƙasa. Durƙusa ka leƙa. Ka tuna tudun rage gudu, da kwatamin lungunku, da yadda hanyar unguwa ke zama a watan Agusta. Motar da aka sauke ƙasa, bamba da salansa da kaskon man inji su za su riƙa biya.

2. Lambar taya. In ka ga 245/35 R20, lambar tsakiya ita ce kaurin gefen taya, kashi 35 cikin ɗari na faɗinta, wato wajen milimita 86. Taya irin 175/80 R14 ta tsofaffin motoci tana da milimita 140. Wannan bambancin shi ne katifar da ke tsakanin rim ɗinka da rami. Babban rim da siririyar taya sun fi kyau a hoto, sun fi saurin fashewa a hanyarmu.

3. Fitila. Tambayi kuɗin guda ɗaya a kasuwa kafin ka biya kuɗin motar, kuma ka tambaya ko ana canza ƙwanta.

4. Bamba. In ka ga 'yan zagaye kamar maɓallin riga ko kyamara a jikinta, akwai na'urori a ciki. Ɗan gugar Keke Napep zai iya zama aikin kwamfuta.

5. Sikirin. Duba ko AC da sauran abubuwan yau da kullum suna da maɓallinsu daban. In komai yana cikin sikirin, ranar da tachi ya mutu ka shiga uku, kuma zafin ranarmu ba ya raga wa sikirin, ko na waya ko na mota.

6. Bel da jakar iska. Kunna mota ka ga fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, a binciki dalili.

TO WACCE TA FI?

In don kallo ne, ni dai ina tare da tsofaffin. An zana su lokacin da hannun mutum ɗaya yake iya yanke hukunci, shi ya sa kowacce take da fuskarta, ko daga nesa ka hango ta ka san sunanta. In kuwa za ka sa iyalinka a ciki ka hau titin Kaduna, sabuwar ce za ta fi dawo da ku gida, ko da kuwa ita ba ta dawo ba. Wadda ta fi dacewa da kai kuma ita ce wadda hanyar gidanku ba za ta karya ta ba, kuma bakaniken unguwarku zai iya buɗe ta.

Kai fa, a cikin E-Type, Countach, F40 da 504 Coupé, wacce za ka ɗauka in an ce ka zaɓi ɗaya? Ka faɗa mana dalilinka, sannan ka tura wa abokin musunka ya karanta. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allahu.